Madatsar ruwa a bisa soron Inna

Ni magini ne, ɗan magini. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ji abin da ya biyo baya ya ce ai rashin sani ne. Ba rashin sani ba ne. Tun ban kai tsawon jaki ba nake taka ƙasar gini a bayan mahaifina, kuma abu na farko da ya koya mini a ƙauyenmu, can bayan Gangara, shi ne soro ba ya kwana da ruwa. Ruwa baƙo ne a bisa rufin ƙasa, in ya sauka a nuna masa hanya ya wuce. Shi ya sa ake karkata rufi, shi ya sa ake sa indararo. To ni ɗin nan, da hannuna, na toshe indararo uku na soron mahaifiyata, na mai da rufin tafki. Har yau in na tuna sai in ji kamar in kwaɗa wa kaina mari.

Soron nan Baba ne ya gina shi kafin a haifi ko ɗayanmu. Azararsa ta giginya ce, irin baƙar nan mai nauyi da gara ba ta iya ci, ya ɗauko ta a amalanke daga kudu. A cikinsa aka kai Inna amarya, a cikinsa ta haife mu, a cikinsa Baba ya cika. Da bazara, lokacin da ɗakunanmu na kwano suke zama tanda, in ka shiga wurin Inna sai ka ji sanyi kamar ka leƙa randa. Aibinsa ɗaya ne, duhu. Taga guda gare shi, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Da idon Inna ya fara rauni sai ta riƙa laluben carbi a bisa tabarma da rana tsaka, wata rana kuma ta yi tuntuɓe da buta ta gurje gwiwa. Mun kawo mata cocila, ta ce ba ta iya aiki da hannu ɗaya. Mun ce ta koma ɗakin kwano, ta dube mu kamar mun ce ta bar garin.

A nan wana ya shigo. Yaya yana gyaran moto, wato babur, a Gazawa, kusa da tasha, kuma ba zan ci amanarsa ba, hannunsa yana da albarka. Zuciyarsa ma fara ce. Kansa ne dai ba ya zama wuri ɗaya. Shi ne ya taɓa ƙera mana injin sussuka wanda ya watsa geronmu har cikin gidan maƙwabta, kajin unguwa suka yi sallah. Da ya ga gwiwar Inna sai ya kawo faifan sola ya ɗora a bisa soro, aka samu haske wata biyu. Iskar hadarin farko ta ɗaga faifan ta maka shi da gindin itacen bedi, ya yi ratsa-ratsa. Wani da sai ya nemo sabo ya ɗaure da kyau. Yaya kuwa ya ɗauki abin gaba, wai tunda damina ce ta kashe masa wuta, damina ce za ta biya.

Ran kasuwar Gangara ya zo mini da salula, ya ce in duba wani bidiyo. Wasu mutane ne a wata ƙasa mai duwatsu, ruwa yana gangarowa ta tiyo yana juya wata 'yar ƙafa, ƙwan lantarki yana ci.

Na ce, "Yaya, waɗannan ai dutse gare su da rafi."

Ya ce, "Mu ba mu da sama?"

"Samanmu wata uku take aiki."

"To wata ukun nan ina ruwan yake tafiya? Ba kwararo yake bi yana cinye gindin katangar mutane ba?"

Na ɗauka zancen zai mutu kamar sauran, ashe na yi kuskure. Kafin mako ya zagayo matata ta nemi cokulanta ta rasa. Yaya ya kwashe su, ya yanke musu wutsiya, ya jera su a kewayen wani faifan ƙarfe, ya haɗa da dinamon tsohuwar moto. Ya kafa abin a ƙarƙashin indararon gabas, ya ja waya zuwa ɗakin Inna. Mu kuwa muka koma shan kunu da ludayi.

Abin baƙin cikin shi ne ya yi aiki. Da bai kama ba da mun huta. Aka yi ruwa wata safiya, indararo ya feso, cokula suka juya, ƙwan ya yi ja kamar garwashi, ya ɗan yi fari, ya sake yin ja. Yaya yana tsaye cikin ruwa yana dariya shi kaɗai. Amma ruwanmu kowa ya san halinsa, ya zo da fushi, ya zube, ya tafi. Kafin a gama dama fura an ɗauke, cokula suka tsaya, batirin da ya jona bai sha ko na kurkure baki ba.

Sai ya shiga zane a ƙasa da tsinke. Ya ce matsalar ba ƙarancin ruwa ba ce, gaggawarsa ce, dole a tsare shi a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Ya kawo tano, gangar ƙarfen nan da ake zuba mai, ya ajiye a ƙasa, ruwan ya fito ba ƙarfi. Ya ɗora ta a bisa itace huɗu, ta cika ta kife, ta kashe wa matata zakara. Na yi murna a raina, ba don zakaran ba, na ce yanzu kam an zo ƙarshe. Washegari ya same ni ina haɗa tubali, ya tsuguna, ya nuna soron Inna da haɓa.

"Ga tano can Baba ya gina mana tun tuni. Ga faɗi, ga tsawo. Ka ɗaga masa rawani, ka toshe indararo uku, na huɗun in sa masa tiyo da famfo."

Rawani shi ne ɗan bangon da ke kewaye rufin soro. Abin da yake nufi, a taƙaice, in gina wa mahaifiyarmu kududdufi a bisa kai.

Wanda bai tashi a gida irin namu ba zai ce mi ya hana ka ce a'a? Tun da Baba ya rasu, Yaya ne uba. Shi ke yanka ragon suna, shi ke cewa yau gona kaza za a noma, shi ya je neman aurena. Ban taɓa cin abinci kafin ya sa hannu ba. A wurinmu ƙane ba ya ce wa wansa a'a, sai dai ya kewaya, ya bi ta bayan gida da magana, da fatan babba ya gane. To na kewaya.

Na ce, "Yaya, Baba yakan ce soro ba ya kwana da ruwa."

"Wa ya ce ya kwana? Awa biyu, uku, ya sauka."

"Ƙasa fa tana sha."

"Ka shafe da siminti."

"Siminti da jar ƙasa ba sa ga maciji. Rana ta buga, ya tsage."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ne ka gaji Baba, ba ni ba. In akwai mai iya wannan aiki a ƙasar nan, kai ne." Da wannan ya ɗaure ni. Da zagina ya yi, da wataƙila na samu ƙofar fushi.

Sai na ce bari in je wurin Inna, ɗakinta ne, in ta hana shi ke nan. Amma a nan ma akwai ƙulli. Yaya ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ne masu tsananin alkunya. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take ce masa, in ta ji daɗi ta ce "mai moto". Kakarmu ce ta goye shi ta yaye shi. In ya shigo gaishe ta sai ta juya fuska bango, ta amsa a taƙaice, ya tashi. Ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba, ba ta taɓa yi masa faɗa ba. Ni auta kuwa, faɗan safe daban, na marece daban, har na yi furfura a gemu.

Na zauna a bakin ƙofa na kwashe mata yadda muka yi. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Kai mi ka gani?"

Na ce, "Yaya ya ce a yi."

Ta ce, "To." Can ta ƙara da cewa, "Ubanku dai ko ganye ba ya bari a bakin indararo."

Na jira ta ce in gaya wa wancan ya bar mata ɗaki. Ba ta ce ba. Na tashi ina cewa a raina, tunda mai ɗaki ba ta hana ba, ni a su wa? Na fita da ɗan haushinta ma, don na zo neman mafaka ta sallame ni da zancen ganye.

Na yi aikin, kuma abin kunyar, na yi shi da kyau. Na yi niyyar in bar wata 'yar kafa a kusurwar yamma wadda ruwa zai riƙa sulalewa ba tare da Yaya ya lura ba. Amma hannu yana da nasa girman kai. Da na hau na fara, sai na ga ba zan iya yin aikin banza a bisa ginin Baba ba. Na ɗora tubali jeri biyu a kan rawani, na yaɓe da makuba yadda aka koya mini, na bi da simintin Yaya a kai, na cusa ƙasa mai danƙo a bakin indararo uku har ko tururuwa ba ta wucewa. Wani taubashina ya zo wucewa da amalanke, ya tsaya, ya ɗaga kai.

"Ɗan magini, rijiya kake haƙa a sama?"

Na ce, "Aikin Yaya ne."

"Af. Na ɗauka hannunka nake gani."

Na jefe shi da ɓaraguzan ƙasa, ya kaɗa jakinsa yana dariya. Ranar ko tuwo ban ci da daɗi ba.

Kwana goma sha aka yi ba ruwan kirki, sai yayyafi. Rana ta yi ta dukan simintin, ni kuwa kullum in hau in ga 'yan tsage-tsage kamar gashi, in shafa da yatsa, in sauko in yi shiru. Sai wata Laraba cikin watan takwas, muna maimai a gona bayan azahar, gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin mu kai gida ga Yaya ya iso daga Gazawa a bisa moto, ya bar aikin mutane a buɗe ya yi tsere da hadari. Ya rufe famfon, ya shiga zaure ya zauna yana kaɗa ƙafa.

Aka yi ruwa irin wanda manomi ke roƙo. Ni dai ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Ina tsaye a ƙofar ɗakina ina kallon soron Inna, kowane gida indararo na zuba, nata shiru. Ban taɓa ganin abu mai ban tsoro kamar indararon da ba ya zuba ana tsakiyar ruwa ba. Matata ta ce, "Malam, ka yi magana mana." Na ce ta shiga ɗaki.

Da aka ɗauke, wajen la'asar, Yaya ya hau tsani ya leƙa. Ya ce ruwan ya wuce idon sawu. Ya sauko ya murɗa famfo. Ruwa ya fito ta tiyo da ƙarfi, cokula suka kama juyi suna ƙara, muka ruga ɗakin Inna.

Ƙwan yana ci, fari tas, ba ƙyaftawa. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi, abin ya yi kyau. Inna tana zaune a bakin gado tana bin ɗakin da ido, kwallayenta na jere, ƙwaryar da ke rataye, akwatin Baba. Ta ce da ni, "Ashe bangon nan har yanzu ja ne." Yaya yana durƙushe a bakin ƙofa, rigarsa sharkaf da feshin tiyo. Ta juya masa ƙeya kamar kullum, amma daga inda nake na ga kumatunta sun motsa. Shi ma ya gani. Mutum mai 'ya'ya bakwai, sai ga shi yana share ido da hula.

Ni kuwa magini, idona bai san wurin zuwa ba sai sama. Azara tana gumi. Ta tsakiyar ta yi ciki, ƙasa tana zubowa siriri daga tsakanin zana, sannan na ji ƙas, ƙaramar ƙara, kamar an taka busasshen kara.

Ban san lokacin da na ɗauki fartanya na hau tsani ba. Simintin ya dare gida-gida, ruwa ya shige ƙarƙashinsa, ƙafata tana nutsewa a rufin kamar a bakin tafki. Yaya yana ƙasa yana cewa in dakata, in bari ya sauka ta tiyo, kada in ɓata aiki. Ranar ce rana ta farko da na ji maganarsa na ƙi. Na sari rawanin da na gina, sara uku ya buɗe, ruwa ya kwararo tsakar gida, ya tafi da faifan cokulan har bakin turken awaki.

Amma an makara, ƙasa ta riga ta sha. Muka ce Inna ta fito, ta ce ba inda za ta. Sai da matata ta durƙusa tana roƙo, sannan ta miƙa hannu aka kama ta. Muka kwashe kayanta kafin magariba. Rufin bai faɗi ranar ba. Kwana uku ya yi yana lotsawa a hankali, ina zagaya shi da itacen tokara ina zagin kaina, ran na huɗu da hantsi azarar tsakiya ta karye, sauran suka bi ta. Ba wanda ya ji ciwo. Inna tana zaune a inuwar rumbu tana tsintar wake, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Na nemi azara har wajen Gidan Rumji. Wadda ake samu yanzu farar banza ce, ta ƙananan itatuwa, shekara biyar gara ta gama da ita, kuma giginya ba a sare ta yadda aka ga dama kamar da. Bangon arewa ma ya tsage daga sama har ƙasa, ba zai ɗauki nauyin ƙasa ba. Dole na rushe rabinsa, na tada shi da bulo, aka rufa kwano. Yaya ne ya kawo kwanon daga Gazawa, ya sauke shi ba tare da ya dubi kowa ba. Har na fara jin tausayinsa. Muna cikin buga ƙusa sai ya shafa kwanon da tafin hannu ya ce, "Ka san wannan ba ya shan ruwa. Da an samu tano biyu a bisa ginshiƙin bulo..." Na ajiye guduma na sauko, don in na tsaya zan yi abin da za a daɗe ana faɗi a garin.

Inna ta koma ɗakin bayan an gama kaka. Ba ta yi ƙorafi ba. Amma da bazara ta zo na ga ta jawo tabarma waje tana bin inuwa, daga gindin rumbu zuwa gindin bedi, tsohuwar da ba ta taɓa yin ƙailula a tsakar gida ba. Da can "ɗakina" take cewa. Yanzu sai ta ce a ɗauko mata buta a "ɗakin nan".

Wata rana da zafi ya yi zafi na same ta a gindin bedi tana fifita da murfin kwano, sai abin da na daɗe ina haɗiyewa ya taso. Na zauna na zazzage mata. Na ce Yaya ba ya jin magana, Yaya ya mai da gidan nan wurin gwaji, ya ci cokula, ya ci zakara, ya ci soron da Baba ya bari, kuma har yanzu bai daddara ba. Na ce ita ma da ta buɗe baki ranar da na zo mata, kalma ɗaya, da duk wannan bai faru ba. Na daɗe ina magana. Ta bar ni har na gaji don kaina.

Sannan ta ce, "Wancan ƙarfe ya sani, bai san ƙasa ba. Ya ga uwarsa cikin duhu ya nemo mata haske da abin da ya iya." Ta ajiye murfin kwanon a cinya. "Ni bakina a ɗaure yake tun ranar da na haife shi, kai ma ka sani. Shi ya sa na tambaye ka abin da ka gani. Ka gani, ka ce mini Yaya ya ce."

Na buɗe baki in ce ai babba ne. Ta riga ni.

"Ubanka ya bar maka hannunsa don ka tsare mini ɗaki, ba don ka gaida wanka da shi ba."

Ta ɗauki murfin ta ci gaba da fifita. Inuwar ta riga ta matsa, rana ta kama mata ƙafafu. Na tashi na kama bakin tabarmar, na ce ta ɗan ɗaga in ja mata ita gaba.